In Garin Masoyi Yana Bayan Taurari

'Yata, da kai ɗana,

Da daminar da ta wuce wata yarinya daga cikin tsofaffin ɗalibaina ta yi sallama gidana bayan La'asar. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta zaro littattafan rubutu guda uku daga cikin hijabinta, an ɗaure su da roba, bangon na saman ya jiƙe har tawada ta nashe. Ta ce, "Mama, labari na rubuta, ina so ki duba mini kafin in fara sakin shi a waya." Shekararta 17.

Dare biyu na yi a kansa. Yarinyar tana da kunne, ta san yadda 'yan mata ke zance a bakin famfo, ta san inda ake yanke babi don mai karatu ya kasa barci. Labarin wata budurwa ce a wani gari kusa da Kano, da wani saurayi da kumbonsa ya faɗo bayan gonar mahaifinta daga wata duniya can bayan taurari. Dokar duniyarsu ta hana shi kusantar ɗan Adam, iyayenta kuma ba za su ba da 'yarsu ga wanda ba a san asalinsa ba. Har nan komai ya yi. Amma a babi na uku sai ga baƙon ya fito daga kumbo yana jin Hausa kamar jakin Kano, yana shaƙar iskarmu ko tari babu, an kawo tuwo da miyar kuka ya cinye. Iyakar bambancinsa da samarin unguwa, idanunsa kan yi haske da dare. Zuwa babi na tara, mahaifin yarinyar, wanda a farkon littafi aka nuna shi yana goya ta a keke zuwa makaranta, ya rikiɗe ya zama azzalumi mai dorina. A babin ƙarshe masoyan suka shiga kumbo, ƙofa ta rufe, kuma cikin shafi huɗu da aka yi ana kwatanta tashinsu ba a ce ta waiwaya ko sau ɗaya ba.

Da ta dawo karɓa na tambaye ta, "Idan gari ya waye a can, wa za ta gaisar?" Ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Can ta ce, "Mama, ai tana da shi." Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na sha jin ta daga bakin yara da yawa, waɗansu a kan takarda, waɗansu kuwa a kan rayuwarsu ta gaske.

Kada ku zaci zan hana ku irin wannan labari. Ni ma da irinsa na tashi. A 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro Kilba ya bi baƙonsa Kolin-Koliyo suka kewaya sararin samaniya. Tun kafin nan kakanninmu suna da labaran mutum da aljana, a tatsuniya da cikin Dare Dubu da Ɗaya. Littattafanmu na soyayya kuwa tun tushensu a kan katanga aka gina su. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, katangar jini da asali ce tsakanin budurwa Bafulatana da wanda take so. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, a farkon shekarun 1990, katangar dukiya ce da talauci. Ku kun ɗauki katangar nan ne kuka kai ta sama, kuma kun kyauta. Roƙona kawai ku bar ta da kaurinta da tsayinta. Kuskuren da nake ta gani a hannunku shi ne ku gina ta a shafi na farko, zuwa shafi na ashirin ta koma zana, masoya su keta ta da yatsa.

Bahaushe ya ce garin masoyi ba ya nisa, kuma ya yi gaskiya gwargwadon tafiyar da ya sani, ta ƙafa da jaki da raƙumi. Ko Gwanja ne, fatake suna isa cikin watanni su dawo da goro. Sama kuwa lissafinta daban ne. Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, kuma babu saƙon da ya fi shi sauri. Duk da haka, saƙo daga nan zuwa duniyar Mars, wadda maƙwabciyarmu ce, yakan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa minti 22, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke a kewayensu. Wato idan nisa ya kai maƙura, ki yi wa masoyinki da ke can sallama, sai kin jira kusan minti 44 kafin ki ji ya amsa. Duk bayan wata 26 rana kan shiga tsakaninmu da Mars, hukumar NASA ta dakatar da aika umarni ga na'urorinta na can har wajen mako biyu. Tafiyar kanta, na'urar Perseverance ta tashi a watan Yulin 2020, ba ta sauka ba sai Fabrairun 2021.

Wannan fa cikin unguwa ke nan. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskensa yakan yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. Ka tambayi masoyiyarka da ke can ya gida, sai bayan shekara takwas ka ji ta ce lafiya lau. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya yi nisan da saƙonsa kan yi kusan kwana guda cur a hanya, amma da gudunsa sai ya shekara fiye da 70,000 kafin ya ci nisan wancan tauraro. Ki fita tsakar gida da daren hunturu ki dubi Kaza da 'Ya'yanta. Hasken da ke shiga idonki ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce, tun ba a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba.

Ba don ku zama masana taurari na kawo waɗannan alƙaluma ba. Na kawo su ne don a cikinsu labarin yake, kuna tsallake shi. Wani matashi ɗan Japan, Makoto Shinkai, ya fitar da wani ɗan fim na zane a 2002, bai fi minti 25 ba, kuma kusan shi kaɗai ya haɗa shi a kwamfutarsa. Yarinya 'yar shekara 15 aka ɗauka aikin yaƙi a sararin samaniya, tana aiko wa abokin karatunta saƙon waya. Da fari saƙon ba ya daɗewa, sannan ya koma shekara, har ta kai tauraron Sirius inda saƙo ɗaya ke cin shekara takwas da wani abu. Ya iso shi yana ɗan shekara 24, ita kuwa da ta rubuta tana nan a shekara 15. Babu mugun sarki a tsakaninsu, babu uba mai dorina. Nisa kaɗai ya isa ya sa mai kallo kuka. In kuna so ku ƙirƙiro wata ƙofa da ke taƙaita hanya, ba laifi, marubuta da yawa sun yi. Sai dai ku sa mata farashi. A ce ba ta buɗewa sai sau ɗaya a shekara goma, ko wanda ya bi ta ya dawo ya tarar ƙannensa sun yi furfura. Abin da aka samu a ɓagas ba ya riƙe zuciyar mai karatu.

Haka jiki. Ƙarfin da Mars ke jan abu da shi bai kai kashi 40 cikin 100 na duniyarmu ba, mai nauyin kilo 60 a nan zai ji kansa kamar mai kilo 23 a can. 'Yan sama jannati da ke daɗewa a tashar sararin samaniya ƙashinsu kan ragu da wajen kashi ɗaya cikin ɗari duk wata, in sun sauko ma ɗaukarsu ake yi daga kumbo a ɗora a kujera. To yaya wanda aka haifa a can zai ji in ya zo nan? Wani fim na Amurka, The Space Between Us, na 2017, a kan wannan ya tsaya: yaron da aka haifa a Mars ya zo wurin yarinyar da yake so, zuciyarsa ta kasa ɗaukar nauyin duniyarta. Kifi a ruwa sarki ne, amma in son 'yar tudu ya fito da shi, kwana nawa zai yi? Edgar Rice Burroughs, wanda ya fara sakin labarin gimbiyar Mars a mujalla a 1912, ya aurar da sojan Amurka ga gimbiyar da jinsinta ƙwai suke sakawa, ya wuce bai tsaya ya yi mamaki ba. Shi yana da uzuri, a zamaninsa ba a san yanayin Mars sosai ba. Ku kuwa hotunan duwatsunta suna cikin wayoyinku.

Akwai kuma abin da ku kuke da shi wanda marubutan Turai ba kasafai suke tunawa da shi ba. Yarinyarki tana salla. In ta bar duniya, ina alƙibla? Yaushe Magariba? Wannan tambaya ta taɓa tasowa da gaske. A watan Oktoban 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya hau tashar sararin samaniya a ƙarshen watan azumi. Tashar tana kewaya duniya cikin wajen minti 90, rana ta fito masa ta faɗi sau 16 a yini guda. Sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka tsara masa jagora, cewa ya bi lokacin wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Ki kwatanta budurwarki a daren farko a duniyar masoyinta, ta yi alwala da ɗan ruwan da aka auna mata, ta tsaya tana juyi ba ta san ina za ta fuskanta ba, shi kuma yana kallonta bai san abin da ya ɓace mata ba. Shafi ɗaya irin wannan ya fi babi goma na idanu masu haske.

Yanzu bari in zo kan babi na tara, don shi ya fi yi mini ciwo. Kun saba in soyayya ta haramta a labari, sai a nemo wanda za a shafa wa baƙin fenti, kuma galibi uba ne ko uwa. Na san dalili. A shekarunku duk wanda ya ce a'a kamar maƙiyi yake. Amma ku tsaya ku tambayi mai hanawa me ya gani. Wataƙila mutanen wancan duniyar sun taɓa buɗe ƙofa ga baƙi, baƙin suka shigo da cutar da ta halaka rabinsu. Irin haka ta faru a duniyarmu, lokacin da Turawa suka kai agana da ƙyanda nahiyar Amurka suka ƙarar da al'ummu da yawa waɗanda jikinsu bai san cututtukan ba. Wataƙila uban yarinyar ya san in ta tafi ba zai sake ganinta ba, ba za ta zo wankan jego gida ba, in ya rasu ba za ta ji ba sai kabarinsa ya baje. Mutumin da ke ɗauke da wannan a ransa yana iya yin kuskure, yana iya yin tsauri fiye da kima, amma uba ne. In kika ba shi bakinsa ya yi magana, zaɓin 'yarsa zai yi nauyi, mai karatu ya rasa ɓangaren da zai tsaya, kuma nan ne labari ke zama labari.

Ban ce kullum manya ke da gaskiya ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka ne, amma babba ma yakan hango abin da babu. Na ga auren da aka hana don kakan saurayi mahauci ne ko wanzami, na ga wanda aka hana don an ce asalinsu bayi ne, na ga yarinyar da aka ɗaura wa aure tana kuka alhali addini ya ce a nemi yardarta. Waɗannan katangu ne na zalunci, kuma ina fata ku rubuta a kansu, ko da kun sa musu rigar wata duniya don a saurare ku. Aikin marubuci ne ya iya bambance katangar da ke kare rai da wadda girman kai ya gina. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, ta nuna hanya a Binti na 2015, wanda ya ci lambobin Hugo da Nebula. Yarinyar, 'yar ƙabilar Himba, ta fita gida a ɓoye zuwa jami'a a wata duniya, amma ta tafi da jar ƙasar da matan ƙabilarta ke shafawa a jiki da gashi, kuma kewar gida ba ta sake ta ba ko a shafi ɗaya. Ta saɓa wa iyayenta, ba ta raina su ba.

Saura maganar da ta wuce takarda, kuma ina roƙon ku saurare ni da kunnen basira. Yawan karanta irin waɗannan labarai yakan koya wa zuciya cewa hani shi ne shaidar so, ɓoyo kuma shi ne zaƙinsa. Tun daga Twilight na 2005, inda halitta mai shekara fiye da ɗari ke shiga ɗakin 'yar shekara 17 da dare yana kallonta tana barci, littattafan matasa da yawa suka ɗauki wannan fasali, aka mayar da sa ido da kishi da mallaka suka zama alamun ƙauna. Na san wata yarinya, 'yar gidan mutunci, da ta haɗu da wani ta waya, ya ce yana ƙasar waje. Shekara ɗaya da rabi tana kwana da waya ƙarƙashin bargo. Abu na farko da ya koya mata shi ne mutanen gidansu ba za su fahimce su ba, kada ta gaya wa kowa. Ta daina zama da ƙawayenta, karatunta ya ja baya, ta tura masa hotunan da bai kamata ba. Ranar da ta ce ta gaji, da hotunan ya yi mata barazana. Da mahaifiyarta ta ji, ba ta doke ta ba, rungume ta ta yi tana kuka tana cewa me ya hana ki gaya mini. Yarinyar ta ce mini ita a lokacin gani take kamar a cikin littafi take, su biyu a gefe ɗaya, duniya duka a ɗaya gefen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da irin waɗannan mutane ke nema ita ce wadda ke tsakaninki da mahaifiyarki.

Ku tuna labarin Hasan na Basra a Dare Dubu da Ɗaya. Ya ga 'yar sarkin aljanu ta tuɓe rigarta ta gashin tsuntsu tana wanka, ya sace rigar ya ɓoye, ta kasa tashi, ya aure ta. Ta zauna, ta haifa masa 'ya'ya biyu. Ranar da rigar ta dawo hannunta ta ɗauki 'ya'yanta ta tashi zuwa tsibiran Waƙ-Waƙ. Sai da Hasan ya sha wuyar duniya ya bi ta har garinsu, sannan ta biyo shi da kanta. 'Yata, rigar gashinki ita ce karatunki da sana'arki da danginki da ƙawayen kirki. Duk wanda ya fara da ɓoye miki ita, kome daɗin bakinsa, ki yi hattara. Kai kuma ɗana, kada ka zama mai sace riga. In da gaske kake, ka bi ta ƙofar gida, ka yi sallama, ka turo manyanka, ka jure tambayoyin da za a yi maka a kan asalinka da sana'arka. Wanda ya ce zai keta taurari dominta amma ya kasa ƙetare zauren gidansu, bai shirya ba tukuna.

Abu ɗaya kuma, kada ku riƙa rufe labari da mutuwar masoya da hannunsu kamar ita ce ƙololuwar so. Akwai yaran da ke karanta ku cikin dare da zuciya mai rauni, kuma abin da kuka ƙawata shi suke ɗauka. So yana da waɗansu ƙarshen masu daraja. Da yawanku kun kalli fim ɗin Indiya PK na 2014, inda baƙon ya kamu da son 'yar jarida, ya gane zuciyarta tana wurin wani, ya taimaka suka haɗu, ya koma duniyarsa da kaset-kaset cike da muryarta bai furta mata ba. Ana iya rabuwa cikin mutunci. Ana iya jira. Ana iya haɗuwa bayan an biya abin da haɗuwar ta ci, kowa da tabonsa, iyaye sun sa albarka ko da da hawaye.

Ita ɗalibar tawa, na mayar mata da littattafanta uku da jan biro a gefen shafuka, na ce ta dakata da sakin shi a waya. Abin da na gaya mata shi nake gaya maka, nake gaya miki, in akwai irin wannan labari ƙarƙashin matashinki. Ki nemo ko taurarin nan nisansu nawa ne, ki sa baƙon ya yi tari in ya shaƙi ƙurar hunturu, ki bar shi ya yi wata shida yana koyon gaisuwa. Ki koma babi na tara ki mayar wa uban nan kekensa. In kuma har yarinyar za ta shiga kumbon, ki bar ta ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwaya, ta ga hayaƙin murhun mahaifiyarta, sannan ta zaɓa. In kin gama ki kawo mini, ina nan bayan La'asar.